Gashi da Zuma, Dabino da Mazarƙwaila a Madadin Farin Sukari

Duk wanda ya lura da abin da ake gasawa ko ake soyawa a gidajenmu yau, tun daga kek na biki da cincin na salla har zuwa burodin karin kumallo, zai tarar farin sukari ya mallake madafa mallakar da ba mai jayayya da ita, har ta kai idan aka ce wa uwargida ta yi wani abu mai zaƙi ba tare da shi ba, sai ta ɗauka an kallafa mata abin da ba ya yiwuwa. Alhali kuwa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da kayan kanti, a zamanin da ayarin Sahara ke kawo ɗan sukari, shi ma da tsadar da sai sarakuna da attajirai, iyayenmu mata suna yin nakiya da alkaki da alewa, suna cika gara da su, kuma zaƙin da ke ciki daga amya yake fitowa, ko daga rake da takanɗa, ko daga maɗin ɗinya. Saboda haka wadda ta yi niyyar rage farin sukari a gashinta ba bidi'a ta ƙago ba. Sai dai kayan gashin da muka karɓa daga baya, irin su kek da biskit, a kan ɗabi'ar farin sukari aka gina ƙa'idojinsu, kuma wannan shi ne mafarin wahalar da nake so in warware a nan.

Shi farin sukari ruwan rake ne da aka dafa, aka tace, aka raba shi da baƙin ruwansa, aka sake wanke shi har ya zama ƙwayoyi farare waɗanda babu komai a cikinsu sai zaƙi tsantsa. An noma rake dominsa a Bacita da Numan, amma mafi yawan wanda ke kantunan Nijeriya ɗanye ake shigo da shi daga Barazil a tace shi a Legas. Tsarkinsa daga kowane ɗanɗano da kowace laima shi ya sa mai gashi ke ƙaunarsa, domin kullum hali ɗaya gare shi: abin da gwangwani guda ya yi jiya shi zai yi gobe.

Kafin a shiga bayanin aiki, wajibi ne in faɗi wata gaskiya da masu tallar kayan zaƙi ba su cika son faɗa ba. Zuma da mazarƙwaila da maɗi, ko da yake suna ɗauke da ɗan abin da tacewa ta raba farin sukari da shi, mafi yawan jikinsu sukari ne, kuma haka jini yake karɓarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da sukarin kanti, ta ce kada jimillarsu ta kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma in an iya tsayawa a giram 25 ya fi. Hasali ma babban cokali na zuma, da yake ta fi nauyi, yana da kalori wajen 64, na sukari kuwa bai kai 50 ba. To, mai ciwon sukari kada ya ruɗu da cewa an yi kek da zuma ya saki jiki. Hukuncinsa yana hannun likitansa. Fa'idar da ake nema a wannan sauyi ita ce ɗanɗano mai zurfi, wanda ke sa a ƙoshi da kaɗan, da amfanin da ke cikin naman dabino da ayaba, da kuma komawar kuɗin cefane ga manomin rake da mai amya na kusa da mu. Waɗannan kuwa sun isa dalili.

Asalin mas'alar shi ne sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa a cikin kwaɓi ba. Matsayinsa kamar na azara ne a rufin soro: wanda ya zare ta don bai son launinta, bai kuwa sa wani abu ya ɗauki nauyin da take ɗauke da shi ba, to rufin zai rufto masa. Idan uwargida ta zuba sukari a kan bota ta yi ta bugawa har suka yi fari suka tashi, ƙwayoyin sukarin ne, saboda kaifin gefensu, suke yanka ƙananan ramuka a cikin man, iska ta shige ta zauna, ita ce kuma ke kumbura idan zafi ya taɓa ta har kek ya yi sakayau. Bayan wannan, sukari yana fizge wani kaso na ruwan kwaɓin, ya hana danƙon alkama ƙarfafa fiye da kima, shi ya sa kek ke da taushi, burodi kuwa, da sukarinsa bai kai ba, yake da jan jiki. Yana riƙe laima bayan an sauke, don kada abin ya bushe da wuri. Yana ba ɓawo launin ja. Idan kuma ya narke a wuta ya sake daskarewa, shi ke sa biskit da cincin su yi garas-garas a baki. Duk abin da za a sa a gurbinsa, lalle a tambaye shi: wanne daga cikin waɗannan ayyuka zai iya, wanne kuma za a nemo masa mataimaki?

Mataki na farko, wanda na fi ƙarfafawa ga mai farawa, bai buƙatar sayen komai. A ɗauki kwaɓin da aka saba, a rage rubu'in sukarinsa, a gasa. Mafi yawan kek na gida yana jure wannan ba tare da ya canza siffa ba, wani ma har sulusi, kuma sau da yawa mutanen gida ba sa farga. Idan harshe ya saba da wannan mizani, sai a maye rabin abin da ya saura da wani mai zaƙi, a ga yadda ya fito, kana a ƙara. Kada a sauya abu biyu a gashi ɗaya, domin idan ya ɓaci ba za a san mai laifi ba. Ya kamata kuma a ajiye ɗan littafi a madafa ana rubuta awon kowane gwaji, saboda zumar bana ba lalle ta yi daidai da ta bara ba.

Mazarƙwaila ce mafi kusa da farin sukari a nasaba, don haka ita ce mafi sauƙin sha'ani. Ruwan rake ne da aka matse, aka dafa a manyan kasake har ya yi kauri, aka zuba a ƙananan mazubai ya daskare, ba tare da an cire masa baƙin ruwan nan da ke ɗauke da ƙamshi da ɗan sinadarin ƙarfe ba. Ƙasar Zazzau kuwa, musamman wajen Maƙarfi, ta shahara da rakenta da wannan sana'a. Ana musanya ta da sukari nauyi da nauyi: giram 200 a gurbin giram 200, wanda shi ne cikin kofi 1. A zaɓi mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, wadda ke karyewa da ƙara. Wadda ta yi baƙi ƙirin sau da yawa ta ƙone a kasko, ɗacinta kuma zai bi kek ɗin duka. Idan kwaɓin na bugun bota ne, sai a goge ta a magogi ko a daka ta a busasshen turmi, a tankaɗe, a buga da botar kamar yadda aka saba, tare da ƙara haƙuri, domin ba ta kama iska da sauri kamar farin. Amma da yake a fili ake dafa ta, ba a rasa ɗan yashi ko toka ko ɓawon rake a cikinta, kuma babu abin da ke zubar da darajar kek kamar haƙori ya ci karo da tsakuwa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a farfasa ta a tukunya, a zuba rubu'in kofi na ruwa ga kowane giram 200, a narkar a wuta marar ƙarfi, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bari ta huce ta kwanta, a tsiyaye a bar gindin. Ruwan da aka narkar da ita da shi sai a cire kwatankwacinsa daga madarar kwaɓin. Mazarƙwaila tana ƙaunar citta da kanumfari da kirfa, kuma kek ɗin da aka haɗa ta da su, a ganina, ya fi na farin sukari nesa ba kusa ba.

Zuma kuwa sha'aninta daban ne, darajarta ma daban. Sura guda a Alƙur'ani mai girma da sunan ƙudanta aka kira ta, aka kuma ambaci warakar da ke cikinta, kuma ya inganta daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kayan zaƙi da zuma. Sai dai wannan falala ba ta ɗauke wa mai gashi sharuɗɗan aiki da ita ba, sharuɗɗan kuma daga ɗabi'arta suka taso. Ta fi sukari zaƙi, saboda mafi rinjayen abin da ke cikinta shi ne nau'in sukarin da ake samu a 'ya'yan itace, wanda harshe ke jin sa fiye da na rake. Don haka a gurbin kofi 1 na sukari, kashi 3 cikin 4 na kofi ya wadatar, wanda ke awo da gwangwanin madara kuma sai ya sa gwangwani 3 a gurbin 4. Tana ɗauke da ruwa, kimanin kashi 17 zuwa 18 cikin 100, saboda haka a rage babban cokali 3 daga madara ko ruwan kwaɓin a kan kowane kofin sukari da aka maye. Idan kuwa kwaɓin ba shi da ruwa sai ƙwai da bota, a ƙara masa babban cokali 2 ko 3 na fulawa. Tana kuma da tsami ɓoyayye wanda zaƙi ya rufe, shi ya sa ake ƙara rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda, domin ta kashe tsamin, haɗuwarsu kuma ta haifar da iskar da za ta maye wadda aka rasa ta wajen bugun bota. A kula, bekin soda daban take da bekin fauda, ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya. Kanwar da iyayenmu ke jiƙawa su tace su zuba a kwaɓin alkaki 'yar'uwar sodar ce, aiki iri ɗaya suke yi. Illa dai ƙarfin kanwa yana bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, ba ta aunuwa, idan kuma ta yi yawa sai kek ya yi ɗanɗanon sabulu.

Tun da zuma ba ta da ƙwayoyin da za su huda bota, ya fi kyau a sauya tsarin haɗin gaba ɗaya. A fasa ƙwai a kwano, a buga shi da maburgi har ya yi kumfa ya ninka, a riƙa tsiyaya zumar a hankali ana ci gaba da bugu, sannan a bi da man gyaɗa ko narkakkiyar bota, daga ƙarshe a zuba tankaɗaɗɗiyar fulawa a juya da sassauci, a tsaya da zarar garin ya ɓace. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga yana tayar da danƙo, ga shi kuma babu isasshen sukarin da zai danne shi. Idan aka shafa wa kofin awo ɗan mai kafin a zuba zuma, za ta zame ta fita duka.

Sai babban sharaɗi, wanda a kansa mafi yawan masu gwaji suke faɗuwa, wato wuta. Sukarin rake ba ya fara ƙonewa ya yi ja sai zafi ya kai wajen digiri 160, amma wanda ya rinjaya a cikin zuma tun daga wajen 110 yake farawa. Sakamakon haka kek na zuma yakan yi duhu a waje alhali cikinsa bai nuna ba, uwargida ta ga launi ta sauke, ta yanka ta tarar da ɗanyen kwaɓi. Mai murhun gashi na gas ko na lantarki ta rage digiri 15, wato inda aka saba 180 ta tsaya a 165, ta kuma ƙara wa lokacin 'yan mintoci. Wadda ke gashi a tukunya da yashi, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, ita ma tana da dabara: ta zuba yashin da kauri, ta bar shi ya ɗau zafi sosai kafin ta sa komai, sannan ta janye itace ta bar garwashi, ta ɗora gwangwanayen a kan wani faifan ƙarfe ko 'yan duwatsu don kada gindinsu ya nutse a yashin, garwashin da take ɗorawa a kan murfi kuma ta rage shi ƙasa da yadda ta saba. Idan sama ta yi ja da wuri, a rufa mata takarda mai tsabta a ci gaba. Ba launi ne shaidar nuna ba a nan. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba kwaɓi a jikinsa, to ya yi. Ƙananan gwangwanaye sun fi babban kwano dacewa da zuma, domin zafi yana kai wa cikinsu kafin wajensu ya ƙone. Wannan hukunci na rage wuta ya haɗa da dabino da maɗi, har da mazarƙwaila, ko da yake nata da sauƙi.

Akwai algus a kasuwar zuma, kowa ya sani, kuma gwaje-gwajen da ake yaɗawa, na ashana da na ɗigawa a ruwa ko a ƙasa, ba hujja ba ne da za a dogara da ita, kamar yadda daskarewar zuma a lokacin hunturu ba alamar haɗi ba ce. Zuma ta gaskiya tana daskarewa, kuma ɗumin ruwa yana mayar da ita. Abin dogaro shi ne amanar mai sayarwa. A ɗanɗana kafin a saya, domin wadda aka ɗebo da hayaƙi mai yawa ƙaurinta ba ya fita a wuta. Ra'ayina kuma shi ne zuma mai kyau ƙwarai asara ce a tura ta cikin wuta, saboda zafi yana kore mafi yawan ƙamshinta. A sa matsakaiciya a kwaɓi, a adana ta ƙwarai don shafawa a kan kek da ɗuminsa, ko don tsoma alkaki da dubulan: a ɗumama ta kaɗan ba tare da ta tafasa ba, a sassauta ta da ɗan ruwa da matsin lemun tsami, a jefa su ciki da zafinsu. Abu guda kuma da babu sassauci a cikinsa: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ɗanya ko gasasshiya, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, zafin gashi kuma ba ya kashe ta.

Dabino shi ne wanda na fi so uwargida ta ba wa muhimmanci, saboda shi kaɗai a cikin waɗannan ukun ake sa shi da namansa ɗungurungum, ya shigo da zare-zarensa masu taimakon hanji, kimanin giram 7 ko 8 a cikin kowane giram 100, da fotashiyam, zaƙinsa kuma wajen kashi 2 cikin 3 ne na nauyinsa. Ga shi ba baƙo ba ne: yana zuwa mana daga Agadas da Bilma, ana nomansa a Jigawa, inda akwai tashar binciken dabino a Dutse, bayan wanda ake shigo da shi daga ƙasashen Larabawa, musamman gab da azumi. Busasshen nan mai tauri, wanda ya fi araha, ya isa wannan aiki. A wanke shi, a fasa, a cire ƙwallo, a duba cikinsa da kyau saboda ƙwari, sannan a jiƙa shi a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, a markaɗa ko a dame shi da muciya ya zama kamar kunu mai kauri. Kofi 1 na wannan markaɗe yana tsayawa a gurbin kofi 1 na sukari, a rage rubu'in ruwan kwaɓin. Kek ɗinsa ba ya tashi kamar na farin sukari. Yana da nauyi da duhu da danshi, kuma kada a ɗauki wannan aibi, siffarsa ce.

Ga awo cikakke ga mai son gwadawa. A sami dabino giram 250 bayan an cire ƙwallo, a yayyanka, a zuba masa tafasasshen ruwa kofi 1 da rubu'i tare da ƙaramin cokali 1 na bekin soda, wadda za ta taimaka wajen narkar da fatarsa, a rufe a bar shi rabin sa'a, in mai tauri ne ƙwarai a ɗora shi a wuta ya ɗan dahu, sannan a dame shi a bari ya huce. A wani kwano a buga ƙwai 3 har su yi kumfa, a zuba rabin kofi na man gyaɗa marar ƙauri, a haɗa da dabinon. A tankaɗe fulawa kofi 2 tare da ƙaramin cokali 1 da rabi na bekin fauda, da ɗan gishiri, da rabin ƙaramin cokali na garin citta, da ɗan kirfa, a zuba a juya a hankali. Gishirin nan kada a raina shi, domin shi ke fito da zaƙi fili, har a ji kamar an ƙara. A shafa wa mazubi mai, a barbaɗa fulawa, a zuba kwaɓin kada ya wuce kashi 2 cikin 3, a gasa a digiri 165 na minti 40 zuwa 50, ƙananan gwangwanaye kuwa wajen rabin wannan lokaci. Wanda ya ga zaƙin bai kai masa ba, babban cokali 2 na zuma a cikin kwaɓin ya isa. Soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa a samansa suna ƙara masa armashi.

Sauran masu zaƙi ba sa buƙatar dogon bayani. Ayabar da ta nuna har ɓawonta ya yi baƙi-baƙi, guda 3 ga fulawa kofi 2, tana ba da damar a yar da rabin sukari da wani kaso na mai. Dafaffen dankalin Hausa da aka dame shi ma haka. Maɗin ɗinya, in an dafa shi ya yi kauri, hukuncinsa hukuncin zuma ne. Garin ɗorawa yana ba da launin rawaya da zaƙi mai sanyi, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi kuma yana shan ruwa, don haka a fara da babban cokali 2 ga kofin fulawa. Ganyen sitibiya, ɗan asalin ƙasar Faragwai, da ake sayar da garinsa yanzu, zaƙi ne ba jiki. Ba ya riƙe laima, ba ya ba da launi, wurinsa kofin shayi ne.

Ba kowane abin gashi ne ke karɓar sauyi daidai da ɗan'uwansa ba, kuma sanin wannan yana kare uwargida daga asarar ƙwai da fulawa. Burodi da gurasa da fanke su ne mafi sauƙin kai, domin sukarinsu kaɗan ne, yis kuma yana cin zuma da mazarƙwaila kamar yadda yake cin farin sukari. Babban cokali 2 na zuma ga fulawa giram 500 yana ba da burodi mai taushi wanda ba ya saurin bushewa. Cincin da biskit da gireba, waɗanda kyansu a ƙarar da suke yi a baki yake, ba su jituwa da zuma ko markaɗen dabino, domin waɗannan janyo laima suke yi daga iska, sai a wayi gari cincin ya yi lakwas. Su a ba su mazarƙwaila dakakkiya, a kuma sassauta wutar suya, in ba haka ba su yi baƙi kafin su soyu. Farin kek na biki kuwa, mai tsawo da sakayau, da farar kwalliyar da ake lulluɓe shi da ita, ginin farin sukari ne tun daga tushe. A rage masa rubu'i, ko a maye masa sulusi, amma wadda ta nemi ta raba shi da shi baki ɗaya za ta sami wani abu dabam, mai daɗi watakila, ba dai wanda amarya ta yi oda ba.

Ajiya ma tana da nata hukunci, kuma yana bin yanayin shekara. Kek na zuma ko na dabino ya fi daɗi washegari, bayan laimarsa ta ratsa ko'ina, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da kek na farin sukari cikin yini guda, shi yakan kwana uku ko huɗu da taushinsa in an rufe shi. Da damina kuwa al'amarin yana juyewa: danshin da ya zama masa ado shi ke gayyato fumfuna, musamman na dabino da na ayaba. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da aka kulle a leda shi ne farkon ɓaci. In babu firiji a yi daidai wanda za a cinye cikin kwana 2. Ita ma mazarƙwaila da damina takan jiƙe ta yi danƙo, sai a sa ta a mazubi mai murfi da ke kamawa sosai, nesa da ƙasa saboda tururuwa, markaɗen dabino kuma a yi shi ranar da za a yi aiki da shi, in kuwa ya yi saura a sa a firiji kada ya wuce mako guda.